Shafukan da Aka Ɗinke da Baƙin Zare

Jiya da hantsi jikana ya bar littafinsa na makaranta a buɗe a kan tabarmata, uwarsa ta aike shi kasuwa. Na jawo littafin don kada akuya ta taka, sai idona ya faɗa kan zanen jikin ɗan Adam, an nuna ƙoda da mafitsara da abin da ke ƙasa da su, kowanne da sunansa a rubuce. A ɗaya shafin kuwa ga ɗan dodon koɗi an zana shi a bakin ruwa. Ban san lokacin da na kai yatsa gefen takardar ina laluben hudar allura ba. Babu huda ko ɗaya. Na daɗe zaune da littafin a cinyata, har shayina ya huce.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa tsoho kamata zai riƙa neman hudar allura a littafin yaro.

A wani ƙauye na yankin Guri aka haife ni, zamanin Turawa. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, ruwa yakan bar hanyarsa ya bazu cikin fadama har ya zo bayan dangarmu. Daga nan sai ka ga bado ya rufe ruwa da fararen furanni, agwagin daji sun sauka, gari duk ya ɗauki ƙanshin bandar kifi, har tufafin da ka sa ranar Juma'a sai ka ji suna ƙamshin tarwaɗa. Yaran garinmu a ruwa suke wuni. Da safe su bi iyayensu kamun kifi, da rana su yi iyo, da yamma su koma ɗebo bado. Ni kaɗai ne bare a cikinsu. Innata ta rasa ɗanta na fari a ruwan nan tun kafin a haife ni, saboda haka ta hana ni ko tsoma ƙafa. Babana kuma asalinsa makiyayi ne, yana da 'yan shanu, sai aka haɗa ni da maruƙa a tudu. Ina daga can ina hango sa'o'ina suna tsalle daga reshen giyayya suna faɗawa ruwa, zuciyata kamar ta fashe.

Wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu shi ne wanda na fi so, wato ɗan kawuna. Taubashina ne, ya girme ni da damina ɗaya tak. Dogo ne baƙi mai wushirya, idan ya yi dariya sai an ji a ƙetaren ruwa. Tun bai kai ko'ina ba ya iya kwanciya a kan gora ya ratsa kogi da homar kamun kifi a hannu. Ka san yadda wasan taubasai yake a wurinmu: babu maganar da ba za ka gaya masa ba, babu kuma wadda zai riƙe. Ya ce ni bawansa ne, in ce shi ne bawana. Ya kira ni ɗan tudu mai tsoron kwaɗo, in kira shi mai warin ƙarfasa. Manya suna ji suna dariya, don haka aka gada. Tun da muka buɗe ido ban tuna ranar da muka yi magana ɗaya ba tare da zolaya a ciki ba.

To, akwai wani abu da ke samun yaran garinmu idan sun kai shekara goma sha biyu ko sha uku. Sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Sunan abin tsargiya, amma mu ba mu ɗauke shi ciwo ba. Abin da muka ji daga bakin na gaba da mu shi ne, mace tana da jininta, namiji ma yana da nasa, wanda duk ya gani ya balaga ke nan. Babu wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana haka. Magana ce da ke yawo a bayan goruba inda yara ke kewayawa, manya kuma suka tabbatar da ita da halinsu. Ranar da matar kawu ta ga alama a wandon taubashina wajen wanki, murmushi ta yi ta je ta raɗa wa kakarmu. Kafin mako ya zagayo kawu ya ba shi homa tasa ta kansa, aka fitar da shimfiɗarsa daga ɗakin yara zuwa zaure, ya fara cin tuwo a kwanon maza. Kawu bai yi masa bayanin komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne yaron ya isa.

Ni kuwa shiru. Shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, ƙannen sa'o'ina ma sun gani, ni ban ga komai ba. Wallahi na yi kuka a tudu ni kaɗai tsakanin maruƙa, ina ganin Allah ya halicce ni da naƙasa, ba zan taɓa yin aure in haifu ba. Wa zan tambaya? Babana mutum ne da ko sunan ɗansa na fari ba ya faɗa saboda kunya. Rannan wauta ta ci ni, na samo karan dafi na jiƙa a ƙoƙo, na zuba jan ruwan a kan yashi a bayan goruba, na kira yara su zo su gani. Suka taru suna jinjina mini. Taubashina ya iso daga baya, ya duƙa ya dubi yashin, ya ɗago ya dubi tafin hannuna da ya rine jawur. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga ranar sunana ya koma Karan-dafi, kuma bai sake kirana da wani suna ba har ya bar duniya.

Da aka aiko wa dagaci ya ba da yara don makarantar boko, masunta suka ɓoye 'ya'yansu, don kowa yana bukatar hannu a ruwa. Aka duba aka ga wanda ba shi da amfani a ruwa, aka miƙa ni. Na yi elementare a Haɗejia, na ci jarrabawa, aka sa ni a jirgin ƙasa a Malam Madori zuwa makarantar Midil ta kwana. Na so makarantar nan so mai tsanani. A can ne karo na farko da rashin iya iyo bai zama abin gori ba, aka ce kaina yana ja.

Muna da darasin kiwon lafiya sau ɗaya a mako. Malaminmu mutumin kirki ne, siriri mai sanyin murya, bai taɓa dukan kowa ba, sai dai kunya ta yi masa yawa. Littattafan darasin na Turanci ne, ana raba mana su idan an shiga aji, a tattara idan an tashi. A tsakiyar kowane ɗaya akwai wasu shafuka da aka haɗa aka ɗinke bakinsu da baƙin zare, ɗinki uku, sama da tsakiya da ƙasa. An ce shugaban makaranta ne ya sa telan da ke ɗinka mana kayan makaranta ya yi haka, don gudun kada labari ya kai ƙauyuka cewa ana nuna wa yara tsiraici a makarantar Nasara, iyaye su kwashe 'ya'yansu. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, don da labarin ya kai, da sun kwashe ɗin. Malam yakan gama babin haƙori, ya lashi yatsa, ya juya ɗinkakkun shafukan gaba ɗaya, ya sauka a kan babin sauro. Wani ɗan ajinmu mai ƙarfin hali ya taɓa tambayar abin da ke ciki. Malam ya dubi allo ya ce idan mun girma za mu sani.

Da yake malam bai faɗa ba, sai manyan ɗalibai suka zama malamanmu, kuma ba su san komai ba sai ƙarya mai daɗin ji. Yaran da suka fito daga garuruwan bakin ruwa suna alfahari da tsargiyarsu kamar yadda ake yi a garinmu. 'Yan birni kuma suka ce ai ciwon sanyi ne, na masu bin mata, duk wanda aka kama da shi korarsa za a yi. Saboda haka mai alfahari ya ɓoye, mai tsoro ma ya ɓoye, babu wanda ya kai kansa wurin mai ba da magani.

Ni ne mai ɗaukar littattafai in mayar ɗakin ajiya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa ya tafi cin abinci, na shiga ɗakin da guntun reza a aljihu. Ba zan yi maka ƙarya in ce neman ilimi ya kai ni ba. Manyan ɗalibai sun ce hotunan mata ne a ciki, shi na je gani. Na yanke zaren. Abin da na tarar bai fi kama da abin da mahauci ke ratayewa ba, zane ne na kayan ciki da kibiyoyi da dogayen sunaye. Na ji haushi, amma tunda na riga na yanke sai na zauna na karanta.

Littafin ya yi bayanin yadda jikin yaro ke sauyawa, buɗewar murya, fitowar gashi, mafarki, ya ce kowa da lokacinsa, wani da wuri wani a makare, kuma duk lafiya ne. Babu inda ya ambaci jini ga namiji. Na ji wani nauyi da na ɗauka shekara da shekaru ya sauka daga ƙirjina, har hawaye ya zubo mini. Ashe lafiyata ƙalau. Sai na juya shafi na ƙarshe a cikin ɗinkakkun, na ga dodon koɗi. Babin ba na balaga ba ne sam, na cututtukan ruwa ne, amma da yake an zana mafitsara da mafitar fitsari a jikinsa, tela ya haɗa da shi ya ɗinke. Na karanta sau uku da ƙamus a gefe. Wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana fita daga dodon koɗi ta shiga fatar mai wanka, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana yi mata rauni a hankali, har jini ya riƙa fita a fitsari. Wasu sukan rayu da ita, wasu takan lalata musu mafitsara da ƙoda bayan shekaru. Akwai allurai da ake yi a asibiti, kuma gara a yi da wuri. Fuskar taubashina ce kawai ta zo mini. Na zare zare daga bakin bargona, na ari allura wurin wani, na mayar da ɗinkin yadda yake, uku cif.

Na dawo hutu lokacin girbi, ruwa ya fara janyewa ana yankan shinkafar fadama. Taubashina ya ƙara tsawo amma ya rame, tafin hannunsa ya yi fari. Na lura idan ya kewaya bayan goruba yakan daɗe, ya dawo da gumi a goshi. Tun a jirgi nake shirya maganar da zan gaya masa. Rana ta uku Inna ta tafi unguwa, ya ce in zo ya ɗauke ni a kwale-kwale ko tsorona zai ragu. Muna tsakiyar ruwa, babu kowa sai mu biyu da tsuntsaye, na ce masa:

"Mai warin ƙarfasa, ka san jinin nan da kake taƙama da shi ciwo ne? Tsutsa ce ke cin ka a ciki. A asibitin Haɗejia ana allurarsa."

Ya tsayar da tuƙi ya dube ni, sannan ya fashe da dariya har kwale-kwalen ya karkata.

"Karan-dafi ke nan. Ka nemi naka ka rasa, shi ne ka je Turawa suka rubuta maka a takarda cewa namu ne ciwo."

Ni ma sai na yi dariya. Wannan dariyar ita ce abin da na fi nadama a rayuwata. Ya ba ni amsa irin ta taubashi, bakina ya mayar masa irin ta taubashi, tun kafin in yi tunani. Abin da ya rage mini kawai in ɗaure fuska in ce masa yau ba wasa nake ba. Kalmomi kaɗan ne, amma ban taɓa furta su gare shi ba, ban san ta inda zan fara ba. Ya watsa mini ruwa, na rama, muka koma gida muna zagin juna cikin raha.

Na ce to bari in je wurin kawu, shi ne mai iko da shi. Sau uku ina shiga zaurensa yana gyaran komarsa ta kamun kifi, in durƙusa in gaishe shi, in zauna ina murza yatsu. A na ukun ya ɗago ya tambaye ni me Turawa suke koya mana. Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa. Na ce suna koya mana lissafi, da illar sauro, da wanke hannu kafin cin abinci. Ya ce madalla, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ta yaya zan ambaci fitsari da mafitsarar ɗansa a gaban yayan mahaifiyata? Shekaru da yawa ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni. Amma tunda na tsufa bari in faɗi sauran. Na san zai tambaye ni inda na gani. Idan na ce a littafin makaranta, maganar za ta kai kunnen babana, cewa ana nuna mana irin waɗannan abubuwa, kuma ba zan sake hawa jirgin Malam Madori ba. Na auna makarantata da lafiyar ɗan'uwana, na zaɓi makaranta, na sa wa abin suna kunya.

Hutu ya ƙare na koma. Wasu hutun suka zo suka wuce, kowane zuwa ina cewa wannan karon zan faɗa, kowane komawa ina cewa ai ga shi yana ta harkokinsa. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Ni na zama malamin makaranta aka tura ni wajen Miga. Ina can, ana ta maganar Turawa za su tafi, aka aiko mini cewa an kawo shi asibiti a Haɗejia.

Na same shi da azahar a kwance, ƙafafunsa sun kumbura, fitsari ya ƙi fita sai da ƙyar. Wushiryar ce kawai ta rage a fuskar da na sani. Ma'aikacin asibitin ya ja ni gefe ya ce an makara ƙwarai, da tun yana saurayi aka kawo shi da wata magana ce. Na koma na zauna a bakin gadon. Ya dube ni ya ce:

"Karan-dafi, ashe da gaske kake ranar nan a kwale-kwale."

Na ce da gaske nake.

"To me ya sa ka yi dariya?"

Ba da faɗa ya tambaya ba, so yake ya sani kawai. Da ya ga idona ya cika, sai ya ce in share, bawa ba ya kuka a gaban ubangidansa. Har a wannan hali shi ne ya nemi ya sauƙaƙa mini. Ya rasu kafin ruwan shekarar ya iso bayan dangarmu.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma san ko an yi masa alluran, cikin ruwan zai koma, don a nan abincinsa yake. Mutane da yawa sun gaya mini haka, na gode musu. Amma nawa shi ne in faɗa, ban kuwa faɗa yadda za a ji ba. Abin da ya ƙara mini ciwo, daga baya da na zauna karatun fiƙihu a zauren wani malami, na ji ya karanto alamomin balaga ɗaya bayan ɗaya, ya fassara su da Hausa garau, bai rage murya ba, bai sunkuyar da kai ba. Babu jini a cikinsu ga namiji. Ashe addini bai ɓoye mana komai ba. Amsar tana cikin littafin malam, tana cikin littafin Bature, mu ne ba a kai mu wurin ba sai bayan mun gama bukatarta.

Kada ka ɗauka daga nan na gyaru. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa. Babin dodon koɗi kam na koyar da shi kamar mai faɗa, har yara suna yi mini laƙabi da shi. Amma idan muka iso babin balaga, sai in dubi allo in ce su karanta a gida. A lokacin an daina ɗinke littattafai, ni ne na zama zaren. Allah kaɗai ya san yara nawa suka zauna a gabana da tambaya irin wadda na yi kuka a kanta a tudu, suka tashi da ita.

Yanzu abubuwa sun sauya. Kogi ba ya zuwa yadda yake zuwa da, tsargiya kuma ƙwaya ake ba yara a makaranta su haɗiya. Ina jin iyaye suna gardama a kan darasin balaga da ake koyarwa a sakandare, wasu na cewa zai buɗe wa yara ido. Ina fahimtar tsoronsu, don na ga irinsa. Ni ma ban ce a faɗa wa yaro komai ba tare da ladabi da lokaci ba. Abin da na sani shi ne, yaro ba ya zama da tambaya babu amsa. Idan wanda ke ƙaunarsa bai ba shi ba, zai samo a bayan goruba, kuma bayan gorubar yanzu tana cikin wayar da ke aljihunsa.

Ina cikin wannan tunani jikan nawa ya dawo daga kasuwa. Shekararsa goma sha huɗu, muryarsa ta fara rawa tsakanin ta yaro da ta babba. Da ya ga shafin da ke buɗe a cinyata sai ya daburce, ya miƙo hannu zai rufe. Na ɗora tafina a kai na ce ya bar shi a buɗe, ya zauna, in akwai abin da bai gane ba a nan ko a jikinsa ya tambaye ni. Ka san jika da kaka su ma abokan wasa ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai tsoho, me ka sani a nan? Ai zamaninku ba a yi wannan ba."

Na ji dariyar tana taso mini, irin waccan ta cikin kwale-kwale. Na haɗiye ta. Na kama hannunsa na zaunar da shi a kan tabarma.

Na ce, "Yau ba wasa nake ba."